Abin da sauraron kifin teku ya koya mini a Kaduna

Mutane kan yi mamaki idan na ce karatuna a kan yawon kifin teku ne, alhali ina zaune a Kaduna, inda babban ruwanmu shi ne kogin da ya ratsa gari. To ai yawancin aikin ba a cikin jirgi ake yin sa ba. Masu bincike na bakin teku su ke sanya wa kifi 'yar na'ura mai fitar da sauti, su dasa na'urorin sauraro a ƙarƙashin ruwa, bayan watanni su ciro su, su kwashe abin da suka naɗa. Abin da ke isowa hannun irina dogon jadawali ne a kwamfuta: rana, lokaci, lambar kifi, da lambar na'urar da ta ji shi. Daga nan ake so ka faɗi inda kifin ya kwana da inda ya yini.

Dalilin dogaro da sauti a fili yake. Ruwan gishiri yana kashe igiyar rediyo nan take, GPS kuma ba ya ratsa ruwa. Sauti kuwa yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin teku, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau 4. Yawancin na'urorin suna bugawa ne a kilohaz 69, sama da abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kowace da salon bugunta, wanda shi ne lambar kifin.

Malamarmu ba ta yarda mu tsaya kan lissafi kawai ba. Ta sa aka sayo tarwaɗa daga gidan kifi, muka koyi dasa wa kifi na'urar da hannunmu. A jefa kifin cikin ruwan da aka ɗiga wa man kanumfari har jikinsa ya saki, a kwantar da shi rigingine kan jiƙaƙƙen soso, wani yana zuba masa ruwa ta baki don kada numfashi ya yanke. A ɗan tsaga ciki, a tura na'urar gwaji, a ɗinke. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada nauyin na'urar ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin. Ranar na ga yadda kifi ke farfaɗowa yana tangaɗi kafin ya daidaita, na gane dalilin da ya sa ake taka-tsantsan da bayanan kwanakin farko bayan sakinsa. Mai jinya ba ya iyo irin na mai lafiya.

Amma darasin da ya fi zauna mini shi ne na shiru. Idan lambar kifi ta ɓace daga jadawali, zuciya kan yi saurin cewa ya bar wurin. Malama kan ce, "Kai, kafin ka tuhumi kifin, ka tambayi kunnen da ke sauraronsa." Na'urar sauraro tana ji ne daga nisan 'yan ɗaruruwan mita, kuma wannan nisa ba a tsaye yake ba. Iska ta taso, igiyar ruwa ta cika wurin da kumfa, sai ya ragu. Injin jirgi ya wuce, ya ragu. Akwai wasu ƙananan jatan lande masu ƙasta da ƙafarsu, waɗanda hayaniyarsu kan ƙaru da dare a wasu wurare, har a ɗauka kifi na ƙaura ne kullum bayan magariba, alhali yana nan, ji ne ya gagara. Kifaye biyu su buga lokaci guda, sautin ya cakuɗe, ko a rasa duka, ko a samu lambar kifin da babu shi. Shi ya sa masu aikin kirki ke ɗaure wata na'ura mai fitar da sauti a wuri guda, ba ta motsi. Idan ita ma ta yi shiru, an san matsalar ta ji ce. Ni yanzu duk binciken da bai nuna ya yi wannan gwajin ba, ba na sakin jiki da sakamakonsa, komai kyan taswirarsa.

Jin sautin ma ba shaidar rai ba ne. Babban kifi ya haɗiye ƙarami, na'urar za ta ci gaba da bugawa daga cikinsa, kai kuma kana bin sawun maharbi da sunan abin da ya farauta. A jami'ar St Andrews ta Sikotilan an nuna cewa karnukan teku, wato dabbobin ruwan da ake kira seal da Turanci, suna jin wannan sauti, har sukan koyi bin sa zuwa wurin abinci. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin kayan aikinmu na iya jawo wa kifin ajalinsa.

Duk da haka hanyar ta buɗe ido. A shekarun 1970 Frank Carey na cibiyar Woods Hole a Amurka ya riƙa bin kifi mai bakin takobi da jirgi dare da rana, ya gano yana nutsewa ɗaruruwan mita da rana, ya taso kusa da sama da dare. Yau cibiyar Ocean Tracking Network da ke jami'ar Dalhousie a Kanada tana haɗa bayanan ƙasashe da dama, Afirka ta Kudu ma ta jera na'urorin sauraro a gaɓar tekunta.

Burina in ga an kawo wannan aiki ruwanmu, ko a madatsar ruwa ta Kangimi ko ta Shiroro, a bi giwan ruwa da tarwaɗa a ga inda suke nufa idan damina ta faɗi. In hakan ta samu, da masunta zan fara zama kafin a dasa ko na'ura ɗaya, don su suka san gurbi mai zurfi da inda ruwa ke ƙara a kan duwatsu, kuma a komarsu kifin mai na'ura zai faɗa wata rana.