Bin Sawun Tururuwa a Gonar Wake da Gyaɗa

Idan ina neman ƙwarin da ke kawo darɓa, wato danƙon da ke bin ganye, a gonata ta wake da gyaɗa, tururuwa nake fara bi kafin in duba ganye. Duk shukar da na ga sun yi jere suna hawa da sauka a kanta, nakan bi su har zuwa sabon toho in juya ganyen, kuma da wuya in rasa tarin ƙwari baƙaƙe, waɗanda babbansu bai wuce milimita 2 ba, sun manne suna tsotson ruwan shukar. Da gilashin ƙara girma ana ganin 'yan ƙahoni biyu a bayan kowannensu, alamar da ta raba su da farin ƙudan tumatir, wanda ke tashi da zarar an girgiza reshe, da kuma ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙale wa mangwaro da gwanda.

Ita tururuwar ba ta cin shukar. Ruwan da ƙwarin ke tsotsa zaƙi ya yi masa yawa, don haka sukan zubar da ragowarsa, wato danƙon nan da ke bin ganye har ya yi baƙi. Na sha zama ina kallon tururuwa tana shafar bayan ƙwaro har ya saki ɗigo ta sha, tamkar mai tatsar saniya. Ladan da take biya shi ne gadi, domin na ga yadda take fatattakar jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, wanda waɗannan ƙwari ne abincinsa. Shi ya sa shukar da tururuwa ta kewaye ta fi saurin cika da su.

Matan ƙwarin darɓar suna haihuwar 'ya'ya ba tare da namiji ba, kuma cikin kamar mako guda 'ya'yan ma sun fara haihuwa, musamman idan ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina. Su ne kuma ke yaɗa kuturtar gyaɗa, wadda ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya a 1975, shi ya sa nake shuka irin SAMNUT 24 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai jure cutar.

A wake kuwa, nakan tsinke tohon da ya fi kamuwa, in fesa wa sauran ruwan 'ya'yan dalbejiya da ɗan sabulu da yamma, ina kula da ƙarƙashin ganye. Maganin feshi mai ƙarfi ina jinkirta shi matuƙa, saboda yakan haɗa da jan ƙwaron ya kashe.