Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har tsohuwar kwamfuta ta karɓi sabon rumbu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Alhamdu lillahi, a daren jiya aikin ya kammala, kuma ina rubuta wannan saƙo jikina duk a gajiye, amma hankalina kwance. Tsohuwar kwamfutarmu ta karɓi sabon rumbun ajiya, had disk ɗin nan mai terabait 3, ta ga girmansa gaba ɗaya, kuma karatuttukan marigayi Baba na fiƙihu da tafsirin azumi, waɗanda muka daɗe muna juyowa daga kaset, duk sun koma cikinsa ba tare da ko ɗaya ya salwanta ba. Abin da ya jawo aikin shi ne tsohon rumbun da karatuttukan ke ciki ya fara wata irin ƙara mai nuna ya kusa lalacewa.

Na san al'ada ita ce a yi godiya a dunƙule a bar wa Allah sakayya, kuma na san shi kansa ba zai so wannan ba, amma dole in ambaci ƙaninmu da kowa a layinmu ke kira Injiniya. Da aka jona sabon rumbun sai kwamfutar ta nuna gigabait 746 kacal, har wasu suka ce an sayar mana da jabu, wasu kuma suka ba da shawarar a yi masa fomat a haka a ci gaba da aiki. Shi kaɗai ya ce da ni: “Yaya, don Allah kada ku zuba masa komai tukuna. Rumbun lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ƙirgenta ya ƙare.” Ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa rumbu a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar bait 512, kuma tsohon direban da ke cikin kwamfutar, wato manhajar da ke sarrafa rumbun, ba ya iya ƙirga gurabe fiye da 4,294,967,296, wanda ya yi daidai da gigabait 2,048. Idan ya kai nan sai ya koma farko, kamar mai jan carbi da ya zagayo kan liman, shi ya sa daga cikin gigabait 2,794 da Windows ke lissafa wa rumbun abin da ya yi saura kawai yake nunawa, wato 746. Ya ce abin tsoron shi ne direban da lissafinsa ya rikice haka ba abin a amince masa ba ne, domin yana iya rubuta sabon abu a kan wanda aka riga aka ajiye, mutum bai sani ba sai ranar da ya zo buɗewa.

Da ya sabunta direban sai girman ya bayyana, amma aka sake cin karo da wata iyaka, domin tsarin rabon rumbu na MBR, wanda ake amfani da shi tun 1983, shi ma a nan ƙirgensa yake tsayawa. Sai ya mayar da sabon rumbun zuwa sabon tsarin rabo na GPT, wanda ba shi da wannan iyaka, tun yana fanko, tunda Windows 7 ba ya yarda da wannan canji sai an kawar da duk rabon da ke kai. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa Windows 7 yana karanta rumbun GPT a matsayin ma'ajiya, amma kwamfuta irin tamu mai tsohon BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ba za ta tashi daga kansa ba, sai mai UEFI, sabon tsarin da ya gaje shi. Don haka ya samo wani ƙaramin rumbu ya ɗora Windows a kai, babban kuma ya zama na ajiya zalla. Masu tambayar dalilin da ya hana mu sayen sabuwar kwamfuta mu huta, amsar ita ce katin da muke ɗaukar bidiyon tsofaffin kaset da shi a ramin PCI yake shiga, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wannan rami.

Abin da ba zan manta ba shi ne daren da ake kwashe karatun daga tsohon rumbun. Injiniya ya riga ya gargaɗe mu cewa rumbun da ya fara irin wannan ƙara, idan ya tsaya da juyawa, babu tabbacin zai sake tashi, saboda haka tilas a kwashe komai a zama ɗaya. Aikin ya wuce rabi, ana cikin shekarun ƙarshe na tafsirin, waɗanda kasetocinsu na asali tuni danshi ya lalata, sai aka ɗauke wuta. UPS ya fara kuka, kuma mun san batirinsa ba zai wuce 'yan mintuna ba. Na miƙe tsaye na rasa abin yi, bakina ba ya iya furta komai sai “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un”, domin a wannan lokacin ji na yi kamar za a sake yi mana rasuwar Baba. Ban san wanda ya sanar da maƙwabcinmu mai shagon aski ba, sai ganinsa muka yi a bakin ƙofa da doguwar waya a hannu, ya kashe komai na shagonsa alhali akwai mutane suna jiran layi, ya jawo mana wuta daga janaretansa. Da na fara yi masa godiya sai ya ce: “Haba Malam, muryar da ta karantar da unguwar nan ce fa.” Janaretan nan bai mutu ba har aka kira assalatu, kuma da na kawo maganar kuɗin mai sai ya nuna ɓacin rai. Ya Allah, Ka haskaka kabarin iyayensa, Ka buɗa masa ƙofofin arziki na halal, Ka sa kada ya taɓa neman taimako ya rasa mai amsa masa.

Shi ma Injiniya ya ƙi karɓar ko kwabo, har ƙaramin rumbun da ya sa mana daga jakarsa ya fito, ya ce a gaban Baba ya koyi alwala. Allah Ya yi wa hannunsa albarka, Ya ƙara masa ilimi mai amfani, Ya ba shi zuriya tagari da za ta tsaya masa kamar yadda ya tsaya mana. Ina godiya ga Autarmu, wadda ta zauna ta rubuta sunan kowane karatu da shekararsa domin a gwada da abin da aka kwafe, da Kawu wanda ya cika kuɗin sayen rumbun ba tare da an roƙe shi ba, da almajiran Baba na nesa da na kusa da suka yi ta kiran waya suna addu'a. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya jiƙan Baba, Ya sa wannan karatu ya zama sadaka mai gudana a gare shi, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da haƙuri, Ya haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Akwai 'yan'uwa na jini da muka yi zaton ko sau ɗaya za su leƙo ko su kira su ji halin da ake ciki, tunda amanar ta mu duka ce, amma shiru. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su, Allah Ya sa haka ne.

Bisa shawarar Injiniya, kwamfutar ba za ta sake hawa intanet ba, tunda tallafin Windows 7 ya ƙare tun 14 ga Janairu, 2020, kuma za mu nemi rumbu na biyu a yi kwafi a ajiye a gidan Kawu. Duk wanda yake da sauran kaset na Baba a wurinsa, muna roƙon ya kawo a juye a mayar masa da abinsa, domin yanzu akwai wurin ajiya isasshe. Wassalamu alaikum.