Wata Biyu Ina Bin Maganin da Ba na Baba Ba Ne

Ranar da likita ya ce sankarar mafitsarar Baba ta fi ƙarfin tiyata, har ta taɓa ƙashi, ni aka ɗora wa neman mafita, don ni ne mai ɗan boko a gidan. Na raba dare ina laluben waya har na ci karo da erdafitinib, maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019. Ƙwaya ce ta haɗiya. Kemo, wato maganin sankara da aka saba bayarwa, kan haɗa mai laifi da marar laifi ya daka, shi kuwa wannan wata tawaya yake bi a ƙwayar halitta mai suna FGFR3, wadda ke ingiza ƙarin ya yi ta girma. A gwajin da ake kira THOR, rabin waɗanda suka sha shi sun haura wata 12 a raye, rabin 'yan kemo kuwa ba su cika wata 8 ba. Wata huɗu ke nan. Sai wanda bai taɓa jinyar mahaifi ba zai raina wata huɗu.

Na shiga cigiyar yadda ake tura tsokar ƙarin ƙasar waje a yi gwajin neman wannan tawayar. Kuɗin da dala ake faɗa. Kawu har ya sa gonar fadama a kasuwa.

Wani dattijon likita ne ya taka mini burki. "Malam, ka karanta takardar gwajin tsokar da aka yanko?" Tana cikin jakata tun farko, ban taɓa buɗe ta ba. Ya juya wajen Baba: "Baba, kun yi fitsarin jini da ƙuruciya?" Baba ya yi dariya, ya ce ai duk yaron garinsu mai wanka a rafi ya yi, har ana ɗaukarsa alamar balaga.

Tsargiya ke nan. Ƙwan tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru yana gurzarsa, har ta kai wasu ga irin sankarar da likitoci ke kira sikwemos, kuma ita aka rubuta a takardar Baba. Erdafitinib kuwa a kan nau'in yurotiliyal aka gwada shi, wanda ya fi yawa a Turai da Amurka, inda taba sigari ce kan gaba wajen jawo shi. Ko a can ma, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da tawayar. Na kawo zancen wani maganin, enfortumab, da ake haɗawa da pembrolizumab, likitan ya ce shi ma kusan duk a kan wancan nau'in aka yi bincikensa. Abin ya ci mini rai: cutar da ke cin mutanenmu na bakin ruwa ba ita ake kashe wa kuɗin bincike ba.

Yanzu duk wanda ya kira ni kan irin wannan, kafin sunan magani nakan ce ya karanto mini takardar tsoka, ya kuma tambayi inda aka adana tsokar, don da ita ake gwajin ƙwayar halitta in bukata ta taso.

An yi wa Baba gashi da na'urar asibiti a ƙashin da ke masa ciwo, aka daidaita masa maganin zogi, ya samu yana barci. Gonar ba a sayar ba. Bayan sallah na kwashi yaran gidanmu bakwai zuwa gwajin fitsari, aka sami ƙwan tsargiya a jikin biyu, aka ba su praziquantel.