Daren da Mama ta ba mu labarin Rut a Agege

Ranar Laraba da ta wuce muna tsakiyar addu'ar gida a Agege aka ɗauke wuta. Mu goma sha ɗaya ne a falon, zafi kamar a tanda. Na lalubo waya zan haska Littafi Mai Tsarki, sai Mama, matar dattijon cocinmu, ta ce, "Bar shi ɗana, Rut ce ai, tana kaina."

Da ka ta ba mu shi, yadda ake tatsuniya a tsakar gida. Yunwa ta kori Na'omi da mijinta Elimelek daga Baitalami zuwa Mowab, can ta binne miji da 'ya'ya maza biyu, ta dawo gida hannu wofi tana cewa a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara, don rayuwa ta yi mata ɗaci. Da Mama ta iso inda Rut, surukar Na'omi da ta biyo ta bayan mutuwar mijinta, ta shiga gonar Bo'aza yin kala, sai ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan leda, tana tsintar abin da babu da yatsu biyu tana zubawa a bakin zane, kamar yadda ta yi tana yarinya bayan girbin dawa. Hasken kyandir ɗaya ne, amma kowa ya ga gonar.

Akwai wata 'yar'uwa a cikinmu, mijinta ya rasu bara, tana kasa tumatir a kasuwar Mile 12. Murya na rawa ta ce, "Mama, ai ni ce wannan." Mama ta riƙo hannunta ta ce, "Ba ke kaɗai ba 'yata. Duk wanda ke ɗakin nan kala ya zo yi Legas."

Tun daren nan maganar ke cina. A falon akwai Bajju, akwai Batangale, akwai 'yan Zuru, akwai ni da iyayena Maguzawa ne. Hausa ce ta sa muke jin juna, tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Amma jin yare ɗaya ba ya mai da baƙi dangi. Labarin ne ya yi wannan aikin.

Masana suna da suna ga abin, tauhidin labari, wato fahimtar bangaskiya ta hanyar labarin kansa. Wani malami a jami'ar Yale ta Amurka, Hans Frei, ya yi rubutu a 1974 cewa tun ƙarni na 18 malaman Turai suka koma tonon Littafi, wasu na neman tarihin da ke bayansa, wasu na tatsar darasi, har labarin kansa ya ɓace musu. Ina ganin gaskiyarsa. Na sha zama a wa'azin da aka matse Rut aka fitar da darussa uku a kan biyayya, aka yar da sauran kamar ɓawon rake. Ban taɓa ganin wanda ya yi hawaye a kan darasi na biyu ba.

Ku duba Littafin Maimaitawar Shari'a sura 26. Ba'isra'ile ya kawo nunan fari a kwando, abin da aka umarce shi ya faɗa a gaban bagade labari ne. Ya fara da kakansa, Ba'aramiye mai yawo da ya gangara Masar. Kafin ka ankara ya daina cewa "shi", ya koma cewa Masarawa sun wulakanta mu, muka yi kuka, Ubangiji ya ji mu. Mutumin da bai taɓa taka Masar ba! Wannan "mu" ɗin shi ne abin da na ji a bakin Mama.

Mu 'yan cocin ECWA muna da namu labarin. A nan Legas ɗin 'yan mishan uku da cocinmu ta samo asali daga aikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Disamban 1893, biyu daga cikinsu suka rasu a 1894, Bingham kaɗai ya koma. Ina son labarin, sai dai yana damuna in aka tsaya a nan, aka manta kakanninmu masu bishara da suka bi ƙauyuka a ƙafa da gora a kafaɗa. Yaranmu da aka haifa a Ikko, waɗanda Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba za su san su ba in ba mu faɗa ba.

Kafin a kawo wuta Mama ta kai inda Bo'aza ya ce wa masu girbi su riƙa zare zangarku daga dami suna bari da gangan, kada kuma su tsawata wa Rut. Ba ta ƙara ko kalma a kai ba, aka yi addu'a aka watse.

Ranar Asabar na biya Mile 12 sayen kayan miya. Na tarar da 'yar'uwar nan da kwando biyu maimakon ɗayan da ta saba. Ta ce da asuba dillali ya sauke mata, ya ce wasu mata uku sun riga sun biya, sun kuma hana shi faɗin sunansu.