Sandar awo da aka yi wa kallon tsohon yayi

Darasin da ya fi zafi a aikin lura da kogin Kwara shi ne yadda ake mantawa da mai karanta sandar awon tsayin ruwa a bakin kogi da zarar bayanan tauraron ɗan'adam sun fara shigowa ofis. Alawus ɗinsa ya yi wata da watanni bai fito ba, sandar ta karkace ko ruwa ya tafi da ita, manya kuma na ganin ai an ci gaba.

Tauraron Sentinel-3, mai auna tsayin ruwa, sai bayan kwana 27 yake komowa wuri ɗaya. Jan ruwan ambaliya da ke cin Yamai a Agusta da Satumba kuwa daga kogunan Sirba da Gorouol da Dargol, masu zuba a Kwara, yake gangarowa, cikin 'yan kwanaki ya hau. A Satumban 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi, wato matakin haɗari mafi girma, na kan 620. Irin wannan hawan, mai duba sanda safe da yamma ne ke kama shi. Hoton tauraron Sentinel-2 kuwa gajimaren damina kan rufe shi. Radar ɗin tauraron Sentinel-1 na ratsa gajimare ya nuna faɗin malalar ruwa, amma ba zai gaya maka mita kubik nawa ke wucewa a sakan ɗaya ba.

Wannan adadin daga jadawalin da ke juya tsayin ruwa zuwa yawansa ake fitar da shi, kuma nan ne ake tafka kuskure. Yashi na cike gindin kogi kowace shekara, sai ruwa kaɗan ya nuna tsayi mai yawa, tsohon jadawali ya yi ta ƙarya ba wanda ya lura. Maganin kawai a shiga kwalekwale da na'urar ADCP, mai auna gudu da yawan ruwan da ke wucewa, a sake awo, lokacin janyewar ruwa da lokacin cikarsa. Kuɗin man wannan fita shi ake fara yankewa a kasafi, abin takaici.

Sauran a taƙaice. Ƙasashe 9 na Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, su daidaita sifilin ma'aunansu, inda kowace sanda ke fara ƙidaya, kafin musayar lambobi. In za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru da ke kan kogin Binuwai, Yola da Makurɗi da Lakwaja na bukatar adadi da sa'a, takardar sanarwa ba ta isa ba. A horar da mutum uku kan sarrafa hotunan tauraron ɗan'adam, domin in ɗaya ne, yana samun wani aiki kwamfutar ta koma cin ƙura.