Cokalin gishiri ɗaya a gaban jama'a

A taron tara gudummawa da wata ƙungiyar agaji ta shirya domin masu fama da hawan jini da ciwon zuciya, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar girkin da ƙwararrun masu dafa abinci suka yi a bainar jama'a. Likita ya riga ya bayyana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a rana ya kai giram 5, muka gyaɗa kai kawai. Amma da mai girki na farko ya auna wannan adadi a cokalin shayi ya ɗaga shi sama, sai zauren ya yi tsit, domin kowa ya tuna yadda hannunsa ke barbaɗawa ba tare da awo ba.

Daga nan ya rage wuta, ya bar albasa ta yi laushi a cikin ɗan mai kaɗan har ta fara yin ja, ya zuba tafarnuwa da citta, sannan ya gasa kifi ya matse masa lemun tsami, yana bayanin cewa tsami da ƙamshi kan sa harshe ya rage neman gishiri. Na ɗanɗana da shakku, kuma gaskiya ban ji rashinsa ba.

Wadda ta biyo bayansa ta yi magana a kan giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, sai dai teburinta ya yi ƙasa, waɗanda ke baya ba su ga cikin kaskonta ba.