Wasiƙa zuwa gida: a rage wa tukunyar hunturu nauyin hannu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Kura, Garun Malam, Ringim da Haɗejia. Yaya sanyi? 'Ya'yanku ne masu aikin jinya da kula da abincin marasa lafiya ke rubuto muku daga Ingila, inda a Disamba ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu. Garin zogale da na 'ya'yan kuka da kuke gani banza a tsakar gida, a nan cikin 'yan ƙananan ledoji ake sayar da su da tsada. Saboda haka ba za mu ce ku bar kunu ko fate ko ɗanwake ba. Gyaran yana hannun mai zuba kanwa, dunƙule, sukari da mai, hannun da ke ƙara nauyi da zarar hunturu ya kama.

Kanwa ce ta fi damunmu. Sinadarin da ke ta da hawan jini a gishiri, shi ne dai a cikinta, sannan tana lalata bitamin B1 na hatsi da wake. Yawanci don wake ya nuna da wuri ake jefa ta. To a jiƙa waken tun bayan isha'i, da safe a zubar da ruwan, a ɗora da sabo. Tumatir ko tsamiya sai ya yi laushi za a sa, domin tsami na daskarar da fatarsa, ya ƙi nuna ko da an ƙarar da itace. Ɗanwake kuwa, kanwa kamar ƙwayar gyaɗa ta ishi gwangwani huɗu na gari: a jiƙa ta, a tsiyaye ruwan sama kawai, a bar laka. Kuka ce ke riƙe shi. In ya dagargaje a tukunya, ko dai kwaɓin ya yi ruwa, ko an saka kafin ruwa ya tafasa sosai.

Iyayenmu masu kula da jego, a yi mana haƙuri da wannan. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A ba ta kunun gyaɗa ko na tsamiya. In ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, wannan ba sanyi ba ne, asibiti za a kai ta ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da yaji da burodi. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Miyar kukar da ake sa wa biyar, a mayar da ita huɗu wannan makon, uku mako mai zuwa, har a tsaya a biyu. In aka yanke lokaci ɗaya maigida zai ture kwano. A hankali kuwa harshe na sabawa. Abin da zai cike gurbin yana nan: daddawa, albasa, tafarnuwa, da busasshen kifin Haɗejia a daka shi har ƙaya. A tuna yajin da ake barbaɗawa ya riga ya sha nasa gishirin tun a turmi.

Kunun safe zai fi riƙe ciki in aka haɗa gari haka: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, waken suya har ƙarninsa ya fita, in ba haka ba zai kumbura ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yamutse a tsince a zubar, gubarta hanta take ci kuma wuta ba ta kashe ta. A dama garin da ruwan sanyi tukuna, a zuba a tafasasshe ana juyawa minti goma, ba zai yi gudaji ba. Sukari cokali ɗaya a kofi ya isa, tunda abin da ya fi dacewa shi ne kada a wuce cokalin shayi 6 a yini. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne, mai ciwon suga kada ya ruɗu. Shayi kuma a ba shi tazarar awa ɗaya bayan tuwo, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Yanzu kayan lambun Kadawa ke araha. A faten tsaki, ganye ya kusa kai yawan tsakin: alayyafo, yakuwa, zogale, kabewa. Kabewa da wuri, ganye a minti biyar na ƙarshe, a sauke yana kore shar. Surfe kuma kada a yi shi har ƙwaya ta yi fari tas, dusar nan da ake ba tumaki ita ke hana cushewar ciki. Mai da cokali za a auna shi, ba a tuttula daga kwalba ba: babban cokali ɗaya ga mutum ɗaya. Ƙosai na shan mai ne in man bai yi zafi ba ko an cika kasko. A ɗiga ƙullu kaɗan, in ya taso nan take to ya yi. Man da ya yi baƙi yana kumfa ya gama aiki. Wasu ranakun a mayar da ƙullun alala.

Kuma don Allah, kaskon gawayin da aka dafa shayi kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.

A gaishe mana da kowa da kowa. Allah ya kai mu bazara lafiya.